Darasi: Kaya Sun Lalace a Teku, Wa Zai Biya?

Akwai ɗan kasuwar da aka haifa a Kano, ya girma a Kantin Kwari, bai taɓa ganin teku da idonsa ba, amma kowane wata rabin jarinsa yana bisa ruwa. Atamfa da shadda da takalma da kayan gyaran babura suna tasowa daga ƙasar Sin, su yi makonni a teku kafin su iso Apapa ko Tin Can ko Onne. Na 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram kuwa galibi ta Kwatano ko Lome suka saba bi. Riɗi da zoɓo da ake tarawa a Dawanau su ma ta ruwan suke fita. Muddin kaya sun iso lafiya, ba mai tambayar abin da ke rubuce a bayan takardunsu. Sai ranar da aka buɗe kwantena aka tarar ruwa ya shiga, ko aka bugo waya aka ce jirgi ya kama da wuta, mutum yake fara jin wasu kalmomi da bai taɓa ji ba, daga bakin waɗanda suka fi shi saninsu, kuma yawanci su ne abokan shari'arsa.

A darasin nan za mu bi kalmomin ne ta hanyar tambaya guda: wa zai biya? Za ku ga cewa amsar ba kullum take bin mai laifi ba. Sau da yawa abin da aka rubuta take bi, da ranar da aka rubuta shi.

Takardar lodi

Idan aka ɗora kaya a jirgi, kamfanin jirgin yakan ba da takarda ɗaya wadda ta fi duk sauran nauyi. Ita ce takardar lodi, ejan-ejan na tashar ruwa kuma suna ce mata bil of ledin. Aiki uku take yi. Rasit ce da ke nuna cewa kamfani ya karɓi kaya kaza a rana kaza. Shaida ce ta yarjejeniyar dako, domin sharuɗɗan suna nan a bayanta da ƙananan baƙaƙe waɗanda kusan ba mai karantawa. Na uku kuma, wanda ya fi ba sabon shiga mamaki, ita ce makullin kayan: wanda ke riƙe da ainihin takardar bisa ƙa'ida, shi za a miƙa wa kaya. Shi ya sa ake iya sayar da kaya suna tsakiyar teku ta hanyar sa hannu a bayanta, shi ya sa kuma banki yake riƙe ta har sai an biya shi.

Idan ma'aikatan jirgi ba su ga wani aibi a jikin kayan ba lokacin lodi, sai a ba da takarda mai tsabta, wato babu wani ƙorafi a kanta. In sun ga buhu ya yage ko durom yana yoyo, sai su rubuta a jiki. Wannan rubutu shi ne garkuwarsu daga baya, domin ya nuna cewa da ciwonsu kayan suka hau jirgi.

Game da kwantena akwai wani abin lura. Kamfanin jirgi ba ya buɗe ta ya ƙirga. Mai aiko da kaya ne ya cika ta, ya rufe, ya sa mata hatimin ƙarfe mai lamba. Saboda haka kamfanin yakan rubuta a takardar cewa an ce masa akwai abu kaza a ciki, lodi da ƙirga duk na mai aikowa ne. Idan kwantena ta iso da hatiminta lafiya, lambarsa ta dace da ta takarda, amma aka tarar katan 50 sun yi ɓatan dabo, da wuya ka kama kamfanin jirgi. Ka koma kan wanda ya cika ta.

Ƙananan 'yan kasuwa su ne suka fi zama cikin hatsari a nan. Mutum goma ko ashirin sukan haɗa kaya a kwantena ɗaya ta hannun wani ejan a Guangzhou ko Yiwu. Sunan ejan ne a takardar lodi. Abin da ke hannun kowannensu ɗan rasit ne, wani ma hoton rasit ne kawai a WhatsApp. A idon kamfanin jirgi, mutum ɗaya ne mai kayan, kuma ba ɗaya daga cikin ashirin ɗin ba ne.

Ɓarna iri-iri ce

Masu harkar teku sun raba asara gida-gida, kuma kowane gida da mai ɗaukar nauyinsa.

Akwai asara ta gaba ɗaya, kamar jirgi ya nutse da kaya, ko wuta ta cinye su ƙurmus. Akwai kuma wadda ake ɗauka tamkar ta gaba ɗaya ce ko da abin yana nan: jirgi ya maƙale a kan dutse, ana ganinsa, amma kuɗin ciro shi da gyara shi sun fi darajarsa. A irin wannan hali mai shi yakan sallama wa kamfanin inshora abin da ya rage, ya karɓi cikakken kuɗinsa.

Sai asarar mutum ɗaya. Rufin kwantenarka ya huje, ruwan teku ya jiƙa dila 30 na atamfa. Wannan ta shafe ka kai kaɗai, kai da mai inshorarka, da kamfanin jirgi idan ka iya ɗora masa laifi. Maƙwabcinka a jirgi ba ruwansa.

Akwai ɓarnar da kaya ke jawo wa kansu. Riɗi ko citta da ba su gama bushewa ba, in aka rufe su a ƙarfe suka ratsa zafi da sanyi, sai kwantena ta yi gumi, raɓa ta riƙa ɗiga daga rufi, kaya su yi fumfuna. Ba mai biyan wannan, daga kamfanin jirgi har na inshora, domin aibin daga cikin kayan yake. Haka ma ɓarnar da rashin ɗaure kaya da kyau ta haifar.

Wadda ta fi buƙatar a tsaya a kanta ita ce asarar tarayya, wadda a takardu ake kira janar abarej. Ku ɗauka kwalekwale ne ya ɗauko buhunan hatsi na mutum biyar zai haye kogi, iska ta taso, ruwa ya fara shiga. Mai tuƙi ya jawo buhunan da suka fi kusa da hannunsa ya watsa a ruwa, kwalekwale ya yi sauƙi, aka kai gaci. Buhunan mutum ɗaya ne suka tafi, amma da su aka fanshi na sauran huɗun, har da kwalekwalen. Adalci shi ne kowa ya kawo rabonsa a rage masa asara. Wannan ƙa'ida ta girmi duk kamfanonin jiragen da ke duniya. Tana cikin dokokin teku na tsibirin Rodes, Romawa suka ɗauke ta suka sa a nasu, malaman fiƙihun Malikiyya na Arewacin Afirka da Andalus su ma sun yi bayanin hukuncin kayan da aka zubar a teku don ceton jirgi. A yau ana bin Ƙa'idojin York-Antwerp, waɗanda suka samu wannan suna a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi ta sabunta su, na baya-bayan nan a 2016.

Kafin a kira asara ta tarayya, sai hatsarin ya kasance na gaske kuma ya shafi kowa, sai an yi sadaukarwar da gangan kuma bisa hankali, sai kuma an tsira da wani abu. Ba zubar da kaya kaɗai ke shiga ba. Ruwan da aka kashe gobara da shi ya jiƙa kayan wani, kuɗin jiragen da suka ja jirgi daga inda ya kafe, kuɗin tsayawa a tashar da aka fake, duk suna shiga lissafi.

Ga yadda lissafin yake. Mu ƙaddara darajar jirgi dala miliyan 60 ce, ta dukkan kayan da ke ciki miliyan 40, jimla miliyan 100. Abin da aka sadaukar da abin da aka kashe sun kai miliyan 5. Kowa zai ba da kashi 5 cikin ɗari na darajar abinsa. Mai jirgi zai ba da miliyan 3. Kai mai kayan dala 40,000 za ka ba da 2,000, ko da ɗigon ruwa bai taɓa kayanka ba. Wanda aka zubar da nasa ma ba za a mayar masa da duka ba, shi ma za a cire kashi 5 ɗinsa.

A ranar 23 ga Maris 2021 jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gicciye a Mashigin Suwez ɗauke da kwantena fiye da 18,000. Ya kwana shida a haka, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko suna jira, kafin a ciro shi a 29 ga watan. Ku dubi yawan hannayen da ke kan jirgi ɗaya: mai shi kamfanin Shoei Kisen ne na Japan, wanda ya yi hayarsa Evergreen ne na Taiwan, tutar Panama yake ɗauke da ita, masu kula da tafiyar da shi kuma Bernhard Schulte. Da aka ciro shi, rigima ba ta ƙare ba. Hukumar mashigin ta nemi diyyar dala miliyan 916, wata kotu a Masar ta ba da umarnin tsare jirgin, daga baya aka sauko zuwa miliyan 550, aka ci gaba da ciniki har aka daidaita aka sake shi a 7 ga Yuli. Sai ƙarshen watan ya isa Rotterdam. Tun farkon Afrilu kuwa masu jirgin suka ayyana asarar tarayya, wato dubban masu kaya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sai da kowannensu ya kawo lamuni kafin ya ga kwantenarsa.

Lamunin nan shi ne inda ake bambance mai inshora da marar ita. Lissafin asarar tarayya yakan ɗauki shekaru, akwai ƙwararru na musamman da aikinsu ke nan. Mai jirgi ba zai saki kaya ya zauna jiran alkawari ba, doka ta ba shi ikon riƙe su. Mai inshora, kamfaninsa zai sa hannu a takardar lamuni, ya kwashi kayansa. Marar inshora sai ya ajiye tsabar kuɗi. Lokacin da jirgin Maersk Honam ya yi gobara a Tekun Larabawa a Maris 2018, ma'aikata biyar suka rasu, abin da aka nema daga masu kayan da suka tsira ya kai kashi 54 cikin ɗari na darajar kayan: 42.5 lamunin ladan masu ceto, 11.5 na asarar tarayya. Mutum ya riga ya biya kuɗin kaya, ya biya na dako, yanzu a ce ya kawo fiye da rabin kuɗin kuma.

Ladan ceto da aka ambata yana da tasa al'ada. A fitacciyar yarjejeniyar Lloyd's ta Landan, mai ceto ba ya samun ko sisi sai in ya ceto wani abu, ladansa kuma ana yanke shi ne gwargwadon darajar abin da ya tsira da irin kasadar da ya yi.

Iyakar alhakin mai jirgi

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya karɓi kuɗin dako wajibi ne ya kawo jirgi mai lafiyar shiga teku, da ma'aikata isassu, ya kuma kula da kaya. Sai dai dokokin duniya sun yi wa wannan alhaki katanga, kuma a ganina katangar ta fi kare mai jirgi fiye da mai kaya.

Dokokin Hague na 1924, da gyaran da aka yi musu a 1968 mai suna Hague-Visby, sun jera uzurori masu yawa da ke wanke kamfanin jirgi. Biyu daga ciki suna da ɗaure kai. Idan kyaftin ko ma'aikatansa suka yi kuskure wajen tuƙi, jirgi ya yi karo, kaya suka lalace, kamfanin ba zai biya ba. Haka gobara, sai in shi kamfanin da kansa ke da hannu. Ƙasashe masu tasowa, waɗanda yawancinsu masu kaya ne ba masu jirage ba, sun daɗe suna kuka da wannan. Daga nan aka samar da Dokokin Hamburg na 1978, suka fara aiki a 1992. Su sun soke uzurin kuskuren tuƙi, suka ce in kaya sun lalace a hannun kamfani, ana ɗaukarsa mai laifi har sai ya nuna ya yi duk abin da ya kamata. Najeriya tana cikinsu, ta kuma mayar da su dokar cikin gida a 2005. Manyan ƙasashe masu jirage kuwa yawancinsu sun ƙi shiga, shi ya sa tambayar farko da lauya zai yi ita ce: wace doka ce ta hau kan wannan takardar lodi, kuma a wace kotu? A Najeriya shari'ar teku ta Babbar Kotun Tarayya ce, bisa dokar 1991, kuma tana da ikon tsare jirgi a tasha har sai an kawo lamuni.

Ko an tabbatar da laifi, akwai rufin da diyya ba ta wucewa. Ana auna shi da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda a 'yan shekarun nan yake kai-kawo a wajen dala 1.3. A Hague-Visby rufin shi ne SDR 666.67 kan kowane ƙunshi, ko 2 kan kowane kilo. A Hamburg 835 kan ƙunshi, ko 2.5 kan kilo. Ana ɗaukar wanda ya fi yawa.

To mene ne ƙunshi? Nan ne alƙalami yake yin aikinsa. Mu ƙaddara kwantena ce mai katan 400, nauyin kayan kilo 10,000, ta faɗa teku. In takardar lodi ta ce kwantena ɗaya ta kayan sawa, ta yi shiru, ƙunshi ɗaya ke nan, sai a koma lissafin kilo: SDR 25,000 a ƙarƙashin Hamburg. In kuwa ta ce kwantena ɗaya mai ɗauke da katan 400, kowane katan ƙunshi ne, rufin ya tashi zuwa 334,000. Ba wai za a ba ka wannan adadi ba ne, ainihin asararka za a biya, amma yanzu rufin ba zai danne ta ba. Kalma biyu da akawun ejan ya ga dama ya rubuta ko ya tsallake, su ne bambancin.

Sai wa'adi. In ɓarna a fili take, Dokokin Hague sun ce a sanar a rubuce lokacin karɓar kaya, Hamburg ta ƙara maka zuwa ranar aiki ta gaba. In ɓoyayyiya ce, kwana 3 a Hague, kwana 15 a Hamburg. Wanda ya yi shiru, ana ɗauka lafiya ya karɓi kayansa, nauyin kawo hujja ya dawo kansa. Shigar da ƙara kuma shekara ɗaya ce a Hague, biyu a Hamburg. In ta wuce, magana ta mutu komai gaskiyarka. Ku lissafa kwanakin da tirela ke ɗauka daga Legas zuwa Kano, za ku ga yadda kwana 3 ke ƙarewa kaya suna hanya. Don haka abin yi shi ne a duba jikin kwantena da hatiminta tun a tasha, a ɗauki hoto, duk abin da aka gani a rubuta a takardar karɓa kafin a sa hannu. In ɓarnar babba ce, a dakata da sauke kaya, a kira safiyo mai binciken kaya, a gayyaci wakilin kamfanin jirgi da na inshora a duba tare.

Masu jirage suna da wani rufi na biyu, na hatsarin gaba ɗaya. Bayan jirgin Dali ya buge gadar Francis Scott Key a Baltimore ta Amurka a 26 ga Maris 2024, gadar ta rushe, ma'aikatan gyaran hanya shida suka mutu, masu jirgin sun garzaya kotu da wata doka ta 1851 suna neman a taƙaita alhakinsu a kan dala miliyan 43 da ɗoriya. Kuɗin irin waɗannan diyyoyi kuwa daga ƙungiyoyin taimakon juna na masu jirage suke fitowa, waɗanda ake kira kulob-kulob na P&I. Goma sha biyu daga cikinsu sun haɗu a gungu ɗaya da ke lamunce wa kusan kashi 90 cikin ɗari na manyan jiragen duniya. In ka yi ƙarar jirgi, da lauyoyinsu za ka kara.

Wani kuɗi da ba ɓarna ba ne amma ya fi ɓarna cin jari shi ne dimorej. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, daga nan ya fara cajin kowace rana da kwantenarsa ta ƙara a tasha, masu tashar su ma suna cajin nasu na ajiya. Kuskure ɗaya a takarda ya isa ya sa kaya su kwana wata guda.

Inshora, da lokacin da hatsari ke komawa kanka

Haruffa uku da ke kan takardar ciniki su ke faɗin inda alhakin mai sayarwa ya tsaya. Suna cikin ƙa'idojin Incoterms na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris, bugun 2020. A FOB, da zarar kaya sun hau jirgi a tashar can, hatsari ya dawo kan mai saye. A CFR mai sayarwa ne ke biyan kuɗin dako, a CIF ya ƙara da inshora, sai mutane su zaci alhakinsa ya kai har Legas. Bai kai ba. A duka ukun, hatsari yana sauya hannu ne tun a tashar lodi.

Inshorar kaya hawa uku ce, A da B da C, bisa sharuɗɗan kasuwar Landan da aka sabunta a 2009. C ita ce mafi araha: gobara, nutsewa, kafewa, karo, zubar da kaya don ceto. Ba ta biyan sata, ba ta biyan ruwan da ya shiga kwantena. B ta ƙara da shigar ruwan teku da kayan da igiya ta share daga kan jirgi. A ta haɗa kusan komai, ban da jinkiri, da aibin kaya, da mugun ɗauri, yaƙi da yajin aiki kuma sai an saye su daban. Dukkan ukun suna biyan rabon asarar tarayya. A Najeriya sai da takardar inshora ta kamfanin cikin gida ake buɗe Fom M na shigo da kaya, saboda haka da yawa sukan sayi mafi araha don cika sharaɗi kawai, ba su ma san wane harafi ke jiki ba. Masu ƙyamar inshora saboda addini suna da kamfanonin takaful. Ba a dai fafe gora ranar tafiya: bayan labarin hatsari ya iso, ba mai sayar maka.

In kamfanin inshora ya biya ka, haƙƙinka na bin kamfanin jirgi ya koma hannunsa. Shi ya sa yake son ka aika da sanarwar ɓarna a kan lokaci, in ka yi sakaci ka ɓata masa ƙara, yana iya rage abin da zai ba ka.

Bayanai

Duk abin da muka faɗa yana tsaye ne a kan bayanai, kuma harkar teku ta ba kowane abu lamba. Jirgi yana da lambar IMO, wato ta hukumar harkokin teku ta duniya, mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canzawa ko an sayar da shi, ko an sake masa suna da tuta. Kwantena tana da haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, na ƙarshen na tantancewa ne, kwamfuta tana amfani da shi ta gane in an yi kuskuren rubuta sauran. Manifes shi ne jerin dukkan kayan da ke cikin jirgi, wanda ake miƙa wa kwastan. In abin da ke manifes ya saɓa da takardar lodi, ko ita ta saɓa da Fom M, kaya sun tsaya, dimorej ya fara ƙirga.

Ƙarya a bayanai tana kisa. Da jirgin MSC Napoli ya tsage a gaɓar Ingila a Janairu 2007, masu bincike sun auna kwantenoni 660 da ke samansa, suka tarar 137 nauyinsu ya saɓa da abin da aka rubuta da fiye da tan 3. Daga 1 ga Yuli 2016 doka ta hana ɗora kwantena a jirgi sai an tantance nauyinta, alhakin kuma na mai aikowa ne. Haka wanda ya ɓoye batura ko sinadarai ko gawayi da sunan wani abu don gudun ƙarin kuɗi: in wuta ta tashi daga kwantenarsa, shi za a bi.

Manyan jirage suna ɗauke da na'urar AIS mai watsa sunan jirgi da inda yake da saurinsa, shi ya sa daga shago a Kano za ka iya ganin inda jirginka ya kai a waya. Akwai kuma na'urar naɗar bayanan tafiya, VDR, mai adana maganganun ɗakin tuƙi da hoton rada da umarnin da aka ba inji. A binciken Dali, daga ita aka fitar da jerin mintocin da wuta ta ɗauke da abin da ya biyo baya. Kwantena mai sanyi ita ma tana rubuta ma'aunin sanyinta a duk tsawon tafiya, kuma wannan rubutu ne ke raba gardama in kifi ya iso a ruɓe. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar IMO ta wajabta wa ƙasashe su samar da kafa ɗaya ta intanet da jirgi zai miƙa bayanansa sau ɗaya, maimakon yawo ofis-ofis.

Ranar 27 ga Yuni 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya, wadda ta ɓulla daga Yukiren, ta shiga kwamfutocin kamfanin Maersk na Denmak. Jiragen lafiyarsu ƙalau, kwantenoni suna nan, amma ba wanda ya san me ke cikin wacce, ko ina za ta. Motoci suka yi layi a ƙofofin tashoshi. Sai da kamfanin ya sake ɗora manhajoji a kwamfutoci 45,000 da manyan rumbuna 4,000 cikin kwana goma, ya kuma ce ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafi ɗaya tak na wani muhimmin rumbu ya tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, domin an ɗauke wuta a can kafin cutar ta iso. Da hannu aka ɗauko shi, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila. Ɗan kasuwa shi ma yana da nasa ƙaramin rumbun: hoton lodi, lambar hatimi, rasit, saƙonnin ejan. In duk a waya ɗaya suke, ranar da ta faɗa ruwa hujjarsa ta bi ta. A buga su a takarda, a kuma aika kwafi zuwa imel.

Aikin aji

1. Darajar jirgi dala miliyan 70, ta kaya miliyan 50, asarar tarayya miliyan 9. Nawa mai kayan dala 24,000 zai bayar?

2. Wata 'yar kasuwa ta sayi kayan kicin bisa CIF da inshora ta C. Ruwan teku ya shiga kwantena ta wata ɓula a rufi, ba ta gani ba sai da kaya suka iso Kano bayan kwana 9 da karɓarsu a tasha. Wa za ta bi, kuma wace doka ce za ta fi yi mata daɗi? Ku tattauna biyu-biyu.

3. Duk mai tsohuwar takardar lodi a gida ko a shago ya zo da kwafinta mako mai zuwa, bayan ya rufe sunaye. Za mu nemo lambar kwantena da ta hatimi, mu ga ko an rubuta adadin katan, sannan mu juya bayanta mu nemo inda aka ambaci York-Antwerp da sunan kotun da aka zaɓa.